Mun sayar a kwari, na saya a tudu

Bayan rasuwar Baba, gidansa ne babban abin da ya rage a raba. Mu bakwai ne, ga kuma Inna, gidan kuwa ba ya yankuwa ta yadda kowa zai samu abin kirki, don haka aka tsaya a kan a sayar a raba kuɗin. Yaya yana aiki a Kaduna, ƙanina yana Legas, ni ne a Zariya, sai nauyin ya faɗo kaina. A daidai lokacin kuma ina neman inda zan saya da kasona da ɗan abin da na tara, in ɗauki Inna mu koma. Cikin shekara guda na tsaya a matsayin mai sayarwa, na kuma tsaya a matsayin mai saye, kuma ta kowane ɓangare maganar ruwa ce ta fi cin lokacina.

Gidan Baba yana gangaren da ke sauka zuwa rafin Kubanni. Lokacin da ya gina shi, a shekarun 1980, bayansa rake ne da lambuna. In ruwan sama ya gangaro daga tudu sai ya bi gefen katangarmu ya bazu cikin fadama, kafin azahar ƙasa ta shanye. Yau fadamar nan duk gidaje ce. Ruwan yana nan yana zuwa kamar da, wurin bazuwa ne ya rasa. 'Yan shekarun nan ba a yin Agusta bai shigo tsakar gida ba, a shekarar da ya yi yawa kuwa ya haura dokin ƙofa ya shiga ɗakin Inna. Bai taɓa kayar mana da ɗaki ba, alhamdu lillahi, amma ya bar shaidarsa a bango: wani layi mai duhu wajen kamu biyu daga ƙasa, fenti ya kumbura yana ɓantarewa, ga wani farin gari mai kama da gishiri da kan fito bayan bangon ya bushe.

Cikin rani muka sa gidan a kasuwa. Dillalin da aka haɗa ni da shi dattijo ne, ya daɗe a harkar. Ya zaga ɗakuna, ya tsuguna ya shafa bangon da tafin hannu, ya miƙe yana kakkaɓewa.

"Malam, buhun siminti biyu da bokitin fenti, wannan maganar ta mutu. Ai gida a rani ake sayar da shi."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, na ce zan yi shawara da 'yan uwa. Kafin shawarar ta yiwu ya kawo mai saye na farko, wani malamin jami'a daga Samaru, tare da ɗansa saurayi da ƙaramar kwamfuta a hammata. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba su yi saurin shiga ciki ba. Sun tsaya a ƙofar gida suna kallon layin sama da ƙasa, suna duba inda lambatu ya nufa. Sannan yaron ya ɗora kwamfutar a kan bayan mota ya buɗe Google Earth. Ga rufin gidanmu daga sama, har da bishiyar mangwaron Baba. Ya ja wani ɗan ma'auni baya, shekaru suka riƙa komawa, rufin kwanon maƙwabta yana ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har fadamar ta fito kore shar, da wani siririn layin rafi da ya ratsa ta bayan katangarmu. Na san rafin nan, mun kama kifi a ciki muna yara. Yaron ya bi da kibiyar kwamfutar daga babban titi zuwa ƙofarmu, lambar da ke nuna tsayin ƙasa tana raguwa tana raguwa.

Uban ya juyo ya dube ni. "Malam, tsakaninka da Allah, ruwa yana shiga gidan nan?"

Dillali ya yi gyaran murya. Na ce yana shiga, na kai shi ɗakin Inna na nuna masa iya inda ya taɓa kaiwa. Ya yi godiya, ya yi wa Baba addu'a, suka tafi. Washegari ya aiko da tayi ta hannun dillali, ya zabtare kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muka sa. Dillalin ya same ni a ƙofar masallaci ransa a ɓace, ya ce tun ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a faɗin ƙasar nan, masu saye suka koyi wannan tambayar, kuma bayan abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, har wanda bai iya karatu ba sai ya tambaya. Ya ce amsa tana da salo, ni kuwa na kwance wa gidan zani a kasuwa.

Daga nan na ce bari in san me taswira take faɗa a kan gidanmu, tunda wani ya zo daga waje ya karanta mini shi. Na tafi wurin wani abokina safiyo, wato mai awon filaye, ajinmu ɗaya a sakandare. Tambayata ɗaya ce: akwai wata taswirar hukuma da mutum zai ɗauka ya sa yatsa a kan filotinsa, ta gaya masa ruwa zai ci ko ba zai ci ba?

Ya ce abin a warwatse yake, sai mutum ya harhaɗa da kansa. Hukumar NIHSA, mai lura da koguna da ruwan ƙasa, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara kafin damina ta kankama, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin babban haɗari da matsakaici. NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ita kuma tana fitar da hasashen yadda damina za ta kasance. Waɗannan suna da amfani ga gwamnati da manoma da masu aikin agaji. Amma mai sayen gida ba ƙaramar hukuma zai saya ba. A cikin Zariya ko Sabon Gari ɗaya akwai gidan da ke kan fako, ruwa bai taɓa kwana a ƙofarsa ba, akwai wanda ke bakin Kubanni ko rafin Kamacha, duk sunan ƙaramar hukuma ɗaya suke amsawa. Binciken da ake yi a KADGIS, hukumar da jihar Kaduna ta kafa a 2015 don rajistar filaye, tambayar da yake amsawa ita ce filin na waye, akwai rikici ko jingina a kansa, gwamnati ta ware shi don wani abu ko ba ta ware ba. Wajibi ne a yi shi, kamar yadda neman izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, yake wajibi. Sai dai takardar mallaka sahihiya tana iya zama a kan filin da ruwa ke kwana.

Ya ɗauko wata tsohuwar taswira daga cikin durowa, irin ta awon ƙasa da gwamnatin tarayya ta buga tun shekarun 1960, ta Zariya, takardar ta yi ja ta fara tsagewa a wuraren naɗi. Ya shimfiɗa ta a tebur ya danne gefunan da littattafai. Ga Kubanni ta taso ta wajen Samaru, ta ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ta faɗa kogin Galma. Ga ƙananan rafuka bila adadin, shuɗayen layuka sirara, ga alamar fadama a gefensu. Ya sa bakin biro a kan wani daga ciki ya ce, "Nan kake." Yawancin waɗannan layukan in ka je wurin yau ba za ka ga rafi ba, shaguna za ka gani da gidajen haya. Amma kwarin yana nan a ƙarƙashin bulo, kuma Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, Agusta ne ƙololuwa. Dole ya bi wani wuri.

Ya kuma ja mini kunne kan abu biyu. Na farko, lambar tsayin ƙasa ta Google Earth tana nuna maka gangaren unguwa, amma tana iya kuskuren mita da dama, ba za ta raba maka tsakanin gidanka da na maƙwabcinka ba. Na biyu, ambaliya iri biyu ce. Akwai ta kogi da ya cika ya tumbatsa, ita ce taswira ta fi iya kamawa. Akwai kuma ta ruwan sama da ya rasa hanya saboda an toshe lambatu da shara, ko kwalbati ta yi ƙanƙanta, ko wani ya gina katanga a kan magudana. Wannan ta biyun ita ta fi damun yawancin unguwanninmu, kuma tana iya canzawa cikin rani ɗaya, ranar da maƙwabcinka na sama ya zuba ciko.

Abokin nawa ne ya ba ni labarin yadda abin yake a Amurka. Can FEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ce ke zana taswirar ambaliya, kuma duk gidan da ya faɗa yankin da aka ƙiyasta yiwuwar ambaliya kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara, in da bashin banki mai goyon bayan gwamnatin tarayya za a saye shi, dole sai da inshorar ambaliya. Tsarin inshorar nan tun 1968 suke da shi. Kashi 1 cikin ɗari kamar ba komai ba, amma in ka lissafa shekara 30 na biyan bashin gida, yiwuwar ruwa ya shiga aƙalla sau ɗaya ta kai wajen kashi 26 cikin ɗari. A Ingila ma akwai shafin gwamnati da mutum zai rubuta adireshi ya ga matakin haɗarin wurin. Abin da na ɗauka daga bayanin nan shi ne, a can banki da kamfanin inshora ne ke yin tambayar a madadin mai saye, don kuɗinsu na ciki, kuma amsar tana shiga farashi ko mai gida ya so ko bai so ba. Mu a nan da tsabar kuɗi muke saye, kuɗin gado ko na sallamar aiki ko na shekaru ana adashi, gidajenmu kuma kaɗan ne ke da inshora. Babu wanda zai yi maka tambayar. In ba ka yi da bakinka ba, shi ke nan.

Zaman 'yan uwa bai yi daɗi ba. Yaya ya zo daga Kaduna, ra'ayinsa ɗaya da na dillali. Ba don mugunta ba, hujjarsa tana da nauyi: cikin ƙannenmu mata akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kason mace kuma rabin na namiji ne, duk naira da aka rage a farashi ita za ta fi jin zafinta. Ya ce gyaran bango ba ƙarya ba ne, kowa yana yi wa kayansa kwalliya kafin ya kai kasuwa. Da muka kasa daidaitawa sai Inna ta ce a je wurin malamin da ya yi lissafin gadon.

Malam ya saurare mu har muka gama. Ya ce gyara halal ne, a yi filasta a yi fenti, babu laifi. Ɓoye aibin da mai saye zai rage kuɗi ko ya fasa in ya sani, shi ne ba ya halatta, kuma in ya gano daga baya yana da haƙƙin mayar da ciniki. Ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, mun ji." A hanya ya ce shi zai rage wani abu daga kasonsa ya ƙara wa ƙanwar tamu, ni ma na ce haka.

A ɗaya ɓangaren, neman gidan da zan saya yana tafiya. Wani dillalin daban ya kai ni wani sabon gini a cikin birni, ɗaki uku da falo, tayil har tsakar gida, farashin kuma ƙasa da na sa'o'insa. Matata ta gani ta ce ya yi mata. Na roƙi abokina safiyo ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku da sandar awo. Ya kafa ta a bakin titi, ya sa yaronsa ya riƙe sanda a tsakiyar hanya, sannan a ƙasan lambatu, sannan a tsakar gidan. Daɓen gidan yana ƙasa da titi, kuma bai ɗara ƙasan lambatun da wani abin kirki ba. Wato ranar da lambatu ya cika, cikin gida zai juyo. Muka ɗaga murfin rijiya, ana tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da rijiyoyin tudu suke ƙafewa, ga ruwa nan kusa, igiya gaba biyu ta ishe ka. Ya ce mai gida zai kira wannan albarka, amma in ruwan ƙasa yana nan a Afrilu, ka tambayi kanka ina masai zai kasance a Agusta.

Tsofaffin hotunan sama suka ƙarasa bayanin. Kududdufi ne a wurin. Duk wanda ya tashi a birnin Zariya ya san kududdufai, ramukan da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, da damina su tara ruwan unguwa gaba ɗaya. An cike wannan da shara da ɓaraguzai an yanka filotai. Ruwan da yake tarawa shekara da shekaru ba a yi masa wani masauki ba.

Amma shaidar da ta fi gamsar da ni ba daga kwamfuta ta fito ba. Matata ta shiga gidan da ke jikinsa ta yi sallama, ta ce ita ce mai shirin zama maƙwabciya. Maza a waje kowa yana kare darajar layinsa, don shi ma wata rana zai sayar. Matan gida kuwa suka nuna mata buhunan hatsi a kan bulo jeri biyu, da firij a kan benci, suka ce haka suke kwana daga Yuli har ƙarshen Satumba. Ni kuma na tsayar da wani ɗan garuwa na tambaye shi ko yana shigo da kurarsa layin nan da damina. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, nan ai sai dai a ɗauka a kai." Na ba dillalin haƙuri. Ba a daɗe ba na ji an sayar wa wani ɗan fansho, kuma har yau abin yana damuna, don ban san ko an gaya masa ba.

Daga nan na daina gaggawa, na ce sai damina ta sauka zan yanke. Duk gidan da ya kwanta mini, in aka kwana ana ruwa, sai in hau babur bayan asuba in je in gani da idona: ina ruwa ya kwanta, ina ya bar shara a jikin katanga, gidaje nawa ne suka gina ɗan shinge a bakin ƙofa ko suka jera buhunan yashi. Wanda na saya a ƙarshe tsohon gini ne a kan tudu, ɗakunansa ƙanana, rufinsa na neman canji, rijiyarsa mai zurfi ce har tana ƙafewa da bazara, kuma ya fi wancan mai tayil tsada. Aka yi binciken takardu, aka rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu, aka shiga neman amincewar gwamna kan sauya mallaka kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Wannan ɓangaren jira ne kawai da zirga-zirga.

Gidan Baba kuwa ya daɗe bai samu mai saye ba. Mutane suna zuwa, in faɗa musu, wasu su juya tun daga zaure, wasu su yi tayin da bai kamata a maimaita ba. Wanda ya saya wani ɗan kasuwa ne da ya san unguwar sarai, ginin bai dame shi ba, filin yake so, zai rushe ya ɗaga fandisho ya yi gidan haya. Na nemi a rubuta a cikin takardar ciniki cewa an sanar da shi ruwa yana shiga gidan da damina, ya gani ya yarda. Mai unguwa ya ce bai taɓa sa hannu a takarda mai irin wannan layin ba. Mai sayen ya ce a rubuta, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Farashin ya fi tayin malamin jami'a da kaɗan, ya gaza abin da muka sa da farko da nisa. Dillali ya karɓi la'adarsa, bai ƙara ce mini komai ba.

Na san abin da taswira take yi wa mai gida a kwari, don ta yi mana. Rana ɗaya dukiyar da uba ya tara ta ragu, ba tare da bulo ɗaya ya faɗi ba. Duk da haka ina goyon bayan gwamnati ta zana taswirar ambaliya ta Zariya unguwa-unguwa, layi-layi, ta manna a ofishin kowane hakimi, ta sa a intanet da Hausa. Masana yanayin ƙasa suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello, an daɗe ana bincike a kan kwarin Kubanni. Dalilina shi ne, yanzu ma bayanin yana nan, a hannun wanda ke da ɗa mai kwamfuta ko aboki safiyo. Mai ilimi da mai kuɗi suna kaucewa, gidan kwari yana gangarawa hannun ɗan fansho da bazawara da mai ƙaramin albashi, waɗanda in ruwa ya ci ɗaki ba su da na sake ginawa. Kuma in za a zana, a haɗa da gyaran magudanai, don mutanen da taswirar za ta karya wa farashi su ga an rage musu haɗarin, ba a bar su da jan fenti a kan unguwarsu kawai ba.

Sabon mai gidan ya cika alkawarinsa. Ya rushe, ya zuba tifa-tifa ta jar ƙasa, daɓensa yanzu ya fi titi tsayi. Daminar da ta biyo baya ko ɗigo bai shiga ba. Ruwan da ya saba kwana a tsakar gidanmu sai ya koma gidan da ke ƙasa da mu, na wata tsohuwa ƙawar Inna, wadda a da sai an yi ruwa mai yawan gaske yake taɓa ta. Ɗanta ya kira ni, na je muka sami mai unguwa tare da sabon mai gidan. An tsaya a kan za a haƙa lambatu daga saman layin har kwalbatin babban titi da zarar ruwa ya ɗauke, kowane gida zai kawo nasa kason na yashi da kuɗin leburori, sabon mai gidan kuma ya ce siminti da rodi nasa ne.